Ɗakin Hoto a Suleja da Mutumin da Ya Zo da Dutse

Tun kafin ƙarfe takwas na safe benci ya cika. A wannan lokaci rabin Suleja na kan hanya, ma'aikata sun cunkushe a motocin haya sun nufi Abuja ta Madalla, su wuce gindin Dutsen Zuma ba wanda ya ɗaga kai ya kalle shi. Cikin waɗanda suka rage a gari, wasu nan suke yada zango: wani gida mai ɗaki huɗu da aka mayar wurin gwaje-gwaje, ba nisa da babbar kasuwa. Ɗaki ɗaya na ɗibar jini, ɗaya na sikanin masu juna biyu, ɗaya na karɓar kuɗi, sai na can ƙurya mai ƙofa mai nauyin tsiya, wanda kowa ke kira ɗakin hoto. Kalmar eksire a bakin ma'aikata kawai za ka ji ta. Kowa ya shigo, takarda a hannu, abin da zai ce shi ne, "Hoto aka ce in yi."

Kwana uku na yi ina zuwa ina zama a gefen wannan ƙofa, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunan wurin ba. Nauyin ƙofar daga fallen dalma ne da aka shimfiɗa a cikinta, bangon ma an ƙara masa kauri, kuma akwai jar fitila a sama da ke kamawa idan ana aiki. Mai ɗakin mutum ne gajere da ya ba hamsin baya, ba ya son dogon zance. Yaran wurin na ce masa Oga, tsofaffi na ce masa Likita, ya gaji da gyara musu ya bari. A aljihun rigarsa kullum akwai wani ɗan baji maƙale, ba mai suna ko hoto ba, wanda ke tara lissafin hasken da ya taɓa jikinsa. Lokaci-lokaci ake aika shi a karanta, domin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba irin waɗannan ɗakuna lasisi, kuma wannan na cikin abin da take dubawa.

Na farkon shiga a ɗaya daga cikin ranakun ɗan acaɓa ne daga Gauraka, abokansa biyu sun tallafo shi, cinya ta kumbura suntum. Takardar da ke hannunsu ba ta asibiti ba ce. Mai ɗori ne ya ce ba zai taɓa ƙafar ba sai ya ga hoto. Oga ya ce wannan sabon yayi ne, kuma bai san ko ya yi murna ko ya yi takaici ba: da can mai ɗori lalube yake yi da yatsa, yanzu gani ya kori ji, amma karayar da ta kamata a kai ta ɗakin tiyata ma sai a karɓi hoton a koma da ita zaure a ɗaure da karare.

"Ɗan samari, fito da komai na aljihunka. Makulli, waya, canji."

"Na fitar, Oga."

"Na ƙugun fa?"

Yaron ya sunkuyar da kai, abokansa suka ƙyalƙyale da dariya, aka kwance guru aka ajiye kan kujera. Oga bai ko murmusa ba. Ya ce laya ta fata zalla ba ta cika ɓata hoto ba, amma wadda aka cusa wa ƙarfe fitowa take fari tas, ta rufe daidai wurin da ake son gani. Haka fil ɗin mayafi, da sarƙa, da ƙarfen rigar mama, da cazbin da tsoho ya manta a aljihun gaba. A da, in ji shi, kwabo ne yara ke haɗiyewa. Da kwabo ya ɓace daga hannun mutane sai suka koma ɗan kunne da ƙaramin batirin agogo, kuma batirin ya fi ba shi tsoro, don yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta mata. Ba shi ke yin ta ba, wata ma'aikaciya yake kira ta ja matar gefe, ta rage murya: "Hajiya, yaushe rabonki da al'ada? Ba ki da juna biyu dai ko?" Sau biyu na ga an mayar da mace ɗakin gwajin fitsari kafin a bar ta ta shiga, mijin yana waje yana ƙorafin ƙarin kuɗi.

Injin kansa ba shi da wani asiri mai yawa. Kwalba ce da aka zuƙe wa iska, a tura mata wuta mai ƙarfin bolt dubu 60 zuwa dubu 120, wutar ta daki wani ƙarfe mai jure zafi, haske marar ganuwa ya fito. Kusan kashi 99 cikin 100 na wutar zafi take zama, ɗan abin da ya rage shi ne eksire. Hasken ya ratsa tsoka, ƙashi ya tare wani sashe nasa, farantin da ke bayan mutum ya ɗauki inuwa. Tun daren 8 ga Nuwamba 1895, da Wilhelm Röntgen ya ci karo da wannan haske a garin Würzburg na Jamus, har ya ɗauki hoton hannun matarsa da zobe a yatsa, abin bai canza ba a asali: inuwa ce. Abin da ya canza a Suleja shi ne ɗakin duhu. Oga ya buɗe mini shi, yanzu tsofaffin kwalaye da bokitai ne a ciki, amma har yau akwai tsamin ruwan wanke fim a bango. Farantin yanzu cusa shi ake yi a wata na'ura, minti ɗaya ƙashin ya bayyana a kwamfuta. Na yaron ya fito a karye gida biyu, bakin ɗaya ya hau kan ɗaya. Oga ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta a bayan ambulan da manyan baƙaƙe cewa a kai shi asibiti. Ko sun kai shi, Allah masani.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura aka ɗauke wuta. Ƙaramin janareto na iya ɗaukar fankoki da kwamfuta, amma injin hoto fizgar wuta yake yi lokaci guda, sai babba mai shan dizal, kuma ba a tayar da babba don mutum ɗaya. Sai a jira mutum biyar ko shida su taru. Wani dattijo a benci ya ce ikon Allah, jihar da ke da madatsun wutar Kainji da Shiroro da Zungeru. Ba wanda ya tanka masa, kowa ya ji wannan magana har ta gundure shi.

Cikin wannan jira ne mutumin ya shigo. Dogo, fuska duk ƙura, ya ce daga wajen Kagara yake, ya kawo kaya kasuwa. Ba shi da takarda. Ya zaro baƙar leda daga aljihun 'yar shara, ya kwance, sai ga dutse kamar dunƙulen hannu, fari da jirwayen toka mai ƙyalli.

"Likita, hoton wannan nake so a ɗaukar mini. An ce injinku na ganin abin da ke ciki."

"Me kake nema a ciki, Malam?"

"Zinariya mana."

A karo na farko na ga haƙoran Oga. Ya ce ko an ɗauka asarar kuɗi ce, ya juya ga wani saurayi ɗalibin kimiyyar fiziks da ke koyon aiki a wurin na wata shida, ya ce, "Kai ɗan jami'a, yi masa bayani." Yaron ya yi bakin ƙoƙarinsa, ni kuma zan ƙara da abin da na sani, don tambayar mutumin ba ta wauta ba ce. Ƙofa ce kawai ya ɓata.

Injin asibiti nauyi yake gani, bai san suna ba. Zinariya lambarta 79 a jerin sinadarai, dalma 82, maƙwabta ne na kusa, dukansu fari fat za su fito a hoto, ba mai raba su. Amma akwai wata hanya. Kowane sinadari idan aka haska masa eksire, yakan mayar da nasa hasken, da ƙarfi na musamman da ba ya canzawa, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta cikin yara goma. Masana na auna wannan ƙarfi da wani ƙanƙanin ma'auni da suke rubutawa eV. Baƙin ƙarfe na amsawa a wajen 6,400, zinariya a wajen 9,700, dalma a wajen 10,550. Duk na'urar da za ta iya kama ƙwayoyin hasken ɗaya bayan ɗaya ta faɗi ƙarfin kowacce, ta san abin da ke cikin dutse ba tare da an fasa shi ba. Akwai irinta ta hannu, mai kama da bindigar wasan yara, a ɗora bakinta a ƙasa a danna, cikin minti ɗaya ta jero sunaye.

Arewa ta san wannan 'yar bindiga ta hanya mafi muni. A 2010 yara suka yi ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Zamfara, Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya aka gano Bagega ma ta shiga ciki, har ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa cike yake da dalma, ana kai shi cikin gida, a niƙa a injin niƙan gari, a daka a turmi, ƙura ta kwanta a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Da irin wannan na'ura masu aikin tsaftacewa suka bi gida-gida suna auna ƙasa, inda ta nuna dalma a kankare saman a zuba sabuwa. Shekara biyar bayan haka abin ya maimaita kansa a nan Jihar Neja, a yankin Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi, wadda Kagara ce hedikwatarta. Yara 28 aka ba da rahoton sun mutu a 2015.

Da ɗalibin ya ambaci Shikira, mutumin ya daina murmushi. Ya ce ya san wurin. Ya ce su dai suna wanke hannu kafin cin abinci. Oga ya tambaye shi a ina suke niƙa, ya ce a bayan gida. Yara nawa? Shida. Oga ya ce, "Malam, kuɗin hoton nan da ka zo da shi, ka kai ƙananan a gwada jininsu. Kuma kayan da ka yi aiki da su kada su shiga ɗaki." Jirwayen tokar nan mai ƙyalli dai ya yi kama da dutsen tozali, wanda dalma ce haɗe da farar wuta, amma da ido ba wanda zai rantse.

Ita ma 'yar bindigar tana da iyaka, kuma a nan ne zancen ya fi ja na. Kunnenta ba shi da kaifi sosai. Idan sinadarai biyu suka amsa da muryoyin da tazararsu ba ta kai eV 100 da wani abu ba, sai ta ji su murya ɗaya. Gubar asanik, wadda ta saba rakiyar zinariya a duwatsu da yawa, tana amsawa a wajen 10,540, kafaɗa da kafaɗa da dalma. Masu aiki sai sun bi ta wasu layukan daban su yi lissafi kafin su raba su, kuma idan dalma ta yi yawa takan danne asanik ɗin. A dutsen tozali ma haka ne, farar wuta da wata muryar dalma tazararsu ba ta kai 40 ba.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke toshe kunnen na'ura zafi ne. Duk abu mai ɗumi ƙwayoyinsa rawa suke yi, rawar nan kuma hayaniya ce. Mai son jin raɗa sai ya sa gida ya yi tsit, kuma a wannan fanni sanyi shi ne tsit. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin, da ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, aka canza mata makamashi zuwa yuraniyom marar ƙarfi a 2018. A can, ƙasa ko garin dutse ake cusawa cikin tukunyar, a fito da shi yana fitar da hasken gama, ƙanin eksire da ya fi shi ƙarfi, a ajiye gaban wani dunƙulen sinadarin jamaniyom. Wannan dunƙule ba ya aiki sai an sanyaya shi da ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili, kuma tulun sai an riƙa cika shi don ruwan tsiyayewa yake yi ya bi iska. Da mutumin Kagara ya kai dutsensa can, da ya sami amsar da ya zo nema.

Akwai matakin da ya wuce na Zariya, kuma farkonsa zaiba ce, ita dai zaibar da masu haƙa ke murzawa da hannu don ta kama zinariya. A 1911, a garin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya ta zuwa wajen digiri 269 ƙasa da sifili, sai ya ga wutar lantarki na bi ta cikinta ba turjiya ko kaɗan. Ba raguwa turjiyar ta yi a hankali ba, faɗuwa ta yi lokaci guda. Wannan gaɓa, tsakanin turjiya da rashinta, siririya ce ƙwarai, kuma ita masana suka mayar ma'auni. Ka tuna kwalbar manja da hunturu, lokacin da yake tsakanin daskarewa da narkewa, ɗumin tafin hannu kaɗai ya isa ya motsa shi. Haka ake ɗauko wani fallen ƙarfe da bai kai kaurin gashi ba, galibi jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna molibdinom a rufe ɗaya kan ɗaya, a tsayar da shi cak a bakin gaɓar. Ƙwayar haske ɗaya tal ta faɗo, ta ɗumama shi da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ba, turjiya ta yi tsalle, wutar da ke bi ta ragu, wata na'urar da ita ma marar turjiya ce ta auna ragin. Girman ragin shi ne ƙarfin ƙwayar. Kent Irwin ne ya fito da dabarar da ke sa fallen ya riƙe kansa a bakin gaɓar a 1995, kuma cibiyar ma'aunai ta Amurka da ke Boulder a jihar Kolorado ta zama gidan wannan sana'a.

Inda ma'aunin hannu ke kuskure da eV 125 ko fiye, wannan kuskurensa wajen 2 ne a kan haske mai ƙarfin 5,900. Sikelin buhun masara ke nan da sikelin mai sayar da gwal. Farar wuta da dalma sai su fito rabe, kowa da layinsa, ƙananan layukan da ke rakiyar asanik da dalma ma su bayyana daban-daban. Idan hasken gama ake son kamawa, sai a liƙa wa fallen ɗan guntun kuza kamar ƙwayar gero, ita dai kuzar da aka sani a Jos, kuma a kan haske mai ƙarfin dubu 100 yana fin jamaniyom kaifi kusan sau goma. Masana a Los Alamos na amfani da shi wajen tantance nau'o'in fulutoniyom, don a san abin da ke cikin makamashin nukiliya ba tare da an narkar da shi ba.

Farashin wannan kaifi shi ne sanyin da babu irinsa ko a sararin samaniya. Ƙarshen sanyi a duniya digiri 273.15 ne ƙasa da sifili. Sararin da ke tsakanin taurari ya ɗara wannan da kusan digiri 3, shi kuwa fallen nan kashi ɗaya cikin goma na digiri kawai ake bar masa. Injin sanyayawar yakan yi yini guda ko fiye yana gurnani kafin ya kai, kuma idan wuta ta yanke, ɗumi ya fara shiga, aiki ya koma baya. Ɗalibin ya kalli fankar da ke juyawa da ƙyar a kanmu, ya ce, "Oga, a nan kam sai dai mu sa shi a randa." Ga shi kuma fallayen ƙanana ne, ba su da sauri, sai an jera ɗaruruwa kafin su yi aikin kirki.

A ganina Suleja ba ta yi asarar komai ba don ba ta da wannan ma'auni. Ba a ƙera shi don karayar ɗan acaɓa ba, inuwa ta ishi Oga. Abin da ya dame ni shi ne matakin ƙasa, 'yar bindigar hannu da gwajin dalma a jini, waɗanda ba sa buƙatar sanyin komai, amma mutum mai yara shida ya zo tun daga Kagara bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba sai ta ɗakin hoto. Mutumin Suleja dai yakan haɗu da ƙarfe marar turjiya ba tare da ya sani ba, ranar da aka tura shi Abuja yin hoton MRI: manyan injinan nan masu ƙarfin tesla 1.5, maganaɗisunsu waya ce da ke kwance cikin ruwan hiliyom, a sanyin da Onnes ya kai zaibarsa. Wani abin da ya ba ni dariya ni kaɗai shi ne, a 1986 masana biyu a Zurich, Bednorz da Müller, sun gano cewa wasu haɗe-haɗen da ake gasawa a tanda kamar tangaran su ma suna rasa turjiya, kuma a sanyin da bai kai wancan ba. Garin Suleja, inda Michael Cardew ya kafa makarantar tukwane a farkon shekarun 1950, tun ana kiransa Abuja, garin da Ladi Kwali ta yi aikin da ya kai hotonta bayan takardar naira 20, ya san gashin yumɓu. Amma waɗancan tangaran ba su dace da wannan ma'auni ba, ɗuminsu ya yi yawa, hayaniya za ta dawo.

Sha biyu da rabi mutum shida suka cika, babban janareto ya tashi da hayaƙi, jar fitila ta kama. Wata tsohuwa mai tari aka fara shigarwa, jikarta na riƙe da zanenta da carbinta. Ta cikin ƙofar da ba ta gama rufuwa ba na ji muryar Oga: "Mama, manna ƙirjinki nan. Ja numfashi. Riƙe. Kada ki motsa." Ƙara ɗaya, ɗif. "To, saki."

Mutumin Kagara ya riga ya ƙulle ledarsa ya fita, bai ce zai kai yaran ba, bai ce ba zai kai su ba. A inda ya kwance dutsen, kan benci, ya bar ɗan gari mai toka-toka. Yarinyar da ke shara ta ɗauko tsintsiya, Oga ya leƙo ya daka mata tsawa, ya ce ta ajiye. Da kansa ya jiƙa tsumma ya goge wurin sau biyu, ya jefa tsumman a leda ya ƙulle, sannan ya kira mai bi.